Jini Yana Ba Da Labarin Ciwon Suga Tun Kafin Ya Zo

Darasin kimiyya na wannan mako a kan ciwon suga ne, da wata hanya da masu bincike ke bi don gano shi da wuri.

Idan muka ci tuwo ko shinkafa, jiki yana narkar da su su koma suga a cikin jini. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi da ake kira fankiriyas, ita ke fitar da sinadarin insulin, wanda ke shigar da sugan cikin tsokar jiki ya zama ƙarfi. Idan insulin ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai suga ya taru a jini. Daga nan sai yawan fitsari, ƙishirwa, rama, da miki mai ƙin warkewa. A asibiti, idan aka gwada mutum da safe kafin ya karya aka ga 126 ko fiye, aka sake gwadawa aka ga haka, ana cewa yana da ciwon.

Matsalar ita ce ciwon yana daɗewa yana ɓarna a ɓoye. Wani sai idonsa ya fara dishi-dishi ko ƙafarsa ta samu matsala sannan ya sani.

To, ba suga kaɗai ne a cikin jini ba. Ku dubi murhu bayan an gama girki: akwai toka, akwai gawayi, akwai baƙin hayaƙi a gindin tukunya. Wanda ya saba yana iya duba su ya faɗi irin itacen da aka hura. Haka jikinmu yake. Duk aikin da ya yi da abinci yana barin ƙananan sinadarai a jini da fitsari, ana kiran su metabolait, kuma sun kai dubbai. Masu bincike suna da na'urar da ke rarrabe su kamar yadda rariya ke raba gari da tsaki, sannan ta auna nauyin kowanne ta faɗi yawansa. Na'urar tana da tsada sosai, shi ya sa masu bincike da yawa ba sa saye. Sai su daskarar da jinin a sanyi mai awo 80 ƙasa da sifili, su aika wa ɗakin gwajin da ke da ita, su biya a auna musu. (Ku tuna yadda wutar lantarki take a garinmu, sai ku san wahalar ajiye irin wannan jini a nan.)

Ga abin da ya fi burge ni. A garin Firamingam na Amurka, tun 1948 likitoci ke bibiyar lafiyar mutanen garin, har da 'ya'yansu. An ɗebi jinin mutum 2,422 masu lafiya aka ajiye. Cikin shekara 12, mutum 201 daga cikinsu suka kamu da ciwon suga. Sai aka ɗauko tsohon jinin aka auna, aka kwatanta na waɗanda suka kamu da na waɗanda ba su kamu ba. A sakamakon da aka buga a 2011, an ga sinadarai 5 daga dangin amino asid sun riga sun yi yawa a jinin waɗanda suka kamu, tun lokacin da sugansu yake daidai. Da aka haɗa 3 daga ciki, waɗanda nasu ya fi yawa sun ninka masu ƙarancinsa fiye da sau 5 wajen haɗarin kamuwa. An sake gwadawa a birnin Malmo na Suwidin, aka ga irin haka.

Amino asid daga nama, wake, ƙwai da madara ake samu, amma kada wani ya je gida ya ce a daina cin ƙosai. Binciken ya nuna alama ce kawai, bai ce abincin ne ya kawo ciwon ba.

A ganina da sauran aiki, domin kusan duk mutanen da aka gwada Turawa ne, ba sa shan fura, ba sa cin tuwon dawa. Sai an auna jinin mutanenmu za a san ko alamar ɗaya ce. Kafin nan, gwajin ɗan yatsa yana nan a asibitoci da kemis da yawa. Ranar 14 ga Nuwamba ce ranar ciwon suga ta duniya, ranar haihuwar Firedirik Bantin, wanda shi da abokin aikinsa suka gano insulin a Kanada a 1921. Mai kaka ko kakan da ke yawan tashi fitsari da dare, ya gaya wa iyayensa a kai su a gwada.

Daga wakiliyarku ta aji 2, Ƙungiyar 'Yan Jarida