Yadda Mutanen Kuba Su Ke Shirin Guguwar Teku

Kuba tsibiri ne mai tsawo a Tekun Karibiyan, kudu da Amurka. Kowace shekara, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, mutanensa su kan zauna da shirin wata mahaukaciyar guguwa mai tasowa daga teku. Ba a ba ta wannan suna sai gudun iskarta ya kai mil 74 a sa'a guda. Abin mamaki, da yawa daga cikin manyanta asalinsu hadarin damina ne irin wanda ya ke ratsa ƙasar Hausa daga gabas. In ya faɗa Tekun Atlantika ta wajen Senegal, ya tarar da ruwa mai ɗumi, sai ya yi ƙarfi ya kama juyawa.

Kuba ta sha wuyarta. A 1932 teku ya hau garin Santa Cruz del Sur, ya ci mutum wajen 3,000. A 1963 wadda aka sa wa suna Flora ta kwana huɗu ta na zuba ruwa a gabashin ƙasar, mutum fiye da 1,000 suka halaka. Bayan wannan ne hukuma ta tsara aikin kare jama'a, ta ɗora shi a wuyan shugaban kowane lardi da kowace gunduma.

To, ginshiƙin aikin takarda ce, kuma nan ya kamata hakimai da malamansu su dakata su duba. Tun sararin sama ya na garau a ke bin unguwa gida gida, a rubuta tsofaffi, da marasa lafiya, da mata masu ciki, da waɗanda ɗakunansu ba su da ƙwari ko su ke bakin ruwa. A kan rubuta inda za a kai kowa, da motar da za ta ɗauke shi. Galibi gidan 'yan'uwa ko na maƙwabta mai ƙarfin gini a ke zuwa, sauran kuwa a saukar da su a makarantu. Rajistar da ba a sabunta ba ta fi rashinta haɗari, gama za ta aika mota gidan wanda ya ƙaura, ta bar wanda ya tare jiya.

Tun 1986 a kan keɓe kwana biyu, yawanci cikin Mayu, a yi gwaji a ƙasa duka, sunansa Meteoro. A share magudanan ruwa, a sassabe rassan da suka rufa wayoyin lantarki, a gwada kwashe mutane kamar da gaske. Yara ma tun su na firamare a ke koya musu. A kan gargaɗe su kada su taɓa wayar da ta faɗo, kada su ratsa kogi in ya kawo. A kan kuma bayyana musu cewa guguwar ta na da ido a tsakiyarta, watau wurin da iska ta ke kwantawa ɗan lokaci. Wanda ya fito sa'an nan ya na zaton an gama, iska za ta komo masa ta ɗaya gefen.

In guguwa ta doso, rediyo da talabijin su kan bi ta mataki mataki: sanarwa, sa'an nan shiri, sa'an nan umurnin kowa ya fake, daga bisani gyaran ɓarna. Makarantu su sallami yara. Masu gida su ɗebi ruwan sha, su tanadi abinci da magani da fitila, su danne rufin kwano da buhunan yashi, a kora dabbobi tudu. Hukuma ta kan sa masu gadin gidajen da aka bari, don mutum ba ya yarda ya tashi in ya na tsoron ɓarawo.

A 2004, da Ivan ta nufo yammacin tsibirin, an kwashe mutum fiye da miliyan ɗaya, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Amma shiri ba ya tsai da bango. A 2012 Sandy ta faɗa birnin Santiago da dare, ta rushe dubban gidaje, mutum 11 suka rasu a ƙasar.