Matar Da Mijinta Ya Ɓace

'Yan'uwana ɗalibai da malamai, darasin da na ke so mu duba a wannan fitowa yana cikin littattafan fiƙihu da mu ke karantawa, amma yawancinmu wuce shi mu ke yi da sauri, don muna zaton ba zai taɓa faɗo mana ba. Shi ne hukuncin matar da mijinta ya ɓace, ba a san yana da rai ko ya mutu ba. Malamai suna kiran irin wannan miji mafƙudi.

Ni a Gwange na tashi, watau unguwar nan ta Maiduguri da ke ƙetaren kogin Ngadda, inda Hausawa da Barebari da Shuwa da Babur da Margi su ke zaune gida na jikin gida. Tun daga rikicin Boko Haram na 2009, da shekarun da suka biyo baya, wannan babi ya fito daga cikin littafi ya shigo zaurukanmu. Waɗansu maza 'yan bindiga ne suka tafi da su. Waɗansu an kama su ne lokacin bincike, ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Waɗansu kuwa sun kama hanyar Bama ko Damboa da kayan sayarwa, shi ke nan. A 2019 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ce tana riƙe da sunayen 'yan Nijeriya kusan 22,000 da danginsu ke nema, kuma a lokacin babu wata ƙasa da ta kai wannan adadi a littafinta.

A Gwange akwai babbar maƙabarta, kowa a garin ya san ta. Matar da aka kai mijinta can ta san matsayinta. Za ta yi takaba wata 4 da kwana 10, ko kuwa har ta haihu in tana da ciki. Za a raba gado a ba ta tumuni, watau ɗaya bisa 8 in mamacin ya bar 'ya'ya, ko rubu'i in bai bari ba. In ta fita takaba, mai so ya fito. Baƙin cikinta mai nauyi ne, amma yana da suna, mutane kuma sun san gaisuwar da za su yi mata. Ita kuwa matar mafƙudi ba a yi mata ta'aziyya, don kada a kashe mai rai da baki. Ba ta da miji a ɗaka, ba ta kuwa da ikon sauraron wani a zaure. In ta yi lalle ta sa turaren wuta, a ce ta manta da shi. In ta bari, a ce tana yi masa fatan mutuwa.

To, me shari'a ta ce? A mazhabar Imamu Malik, wadda mu ke bi a ƙasar Barno da ƙasar Hausa, ba a bar ta da zaman jiran gawon shanu ba. Asalin hukuncin daga Sayyidina Umar ne, yana cikin Muwaɗɗa, kuma Risala da Muhtasar na Halilu duk sun kawo shi. Matar za ta kai maganarta gaban alƙali. In babu alƙali sai mai mulkin wurin, in babu shi sai jama'ar Musulmi. Za a bincika, a aika duk inda a ke zaton za a sami labarinsa. In an rasa, sai a yanka mata shekara 4, ana ciyar da ita daga dukiyarsa. In sun cika bai bayyana ba, sai ta yi idda irin ta wadda mijinta ya mutu, sa'an nan ta yi aure in ta so.

A nan ne na ke so ku tsaya ku lura, don nan ne mata da yawa su ke hasarar shekarunsu. Shekara 4 ɗin nan ba daga ranar da ya fita gida a ke fara ƙirga su ba. Sai bayan ta kai ƙara, an nema an rasa. Mu ɗauka miji ya ɓace a 2013, matarsa ta zauna shiru har 2020 kafin ta je kotu. Shekara 7 ɗin da ta yi tana kuka ba su shiga lissafi ba. Wanda ya ce mata, "Ki dai yi ta haƙuri," bai kuwa gaya mata wannan ba, ya rage mata wani abu daga haƙƙinta, ko da da kyakkyawar niyya ya faɗa.

Har wa yau ba kowane ɓacewa ne ke da hukunci ɗaya ba. Wanda ya ɓace a fagen faɗa tsakanin Musulmi da Musulmi, matarsa tana fara idda ne bayan an rabu da faɗan. Wanda ya ɓace a yaƙi tsakanin Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, shekara 1 a ke ba ta bayan bincike. Wanda kuwa aka tabbata kama shi aka yi, ba a yanka wa matarsa shekara 4, tana nan matarsa muddin akwai abin ciyar da ita. Wane ne cikin waɗannan ya dace da mijin wance? Wannan aikin alƙali ne, ba na malamin makaranta ba, kada ɗayanmu ya yi karambanin yanke shi a bakin aji. Amma akwai wata ƙofa kuma da ta fi waɗannan kusa da matan unguwarmu. In mijin bai bar abin da za a ciyar da ita ba, tana da ikon neman alƙali ya raba auren saboda rashin ciyarwa, ba sai ta jira shekara 4 ba. Mai tura baro ko ɗan tebur a kasuwa, wace dukiya ya bari?

Tambayar da 'yan aji su kan yi mini kullum ita ce, in ya dawo fa? In ya tarar ba ta yi aure ba, ko an ɗaura amma na biyun bai tare da ita ba, matarsa ce. In na biyun ya riga ya tare da ita, ta zama tasa. Dukiyar mafƙudi kuwa ba a raba ta gado don matarsa ta yi idda, sai an kai shekarun da a ke ganin irinsa ba ya wuce su a raye, mafi shahara shekara 70 daga haihuwarsa.

Kada ku raina wannan sauƙi. A tsohon hukuncin mazhabar Hanafi mace ta kan jira har sa'o'in mijin su ƙare a duniya. Da abin ya tsananta wa matan Musulmin Indiya, sai malamansu suka aro maganar Malikiyya, aka sa shekara 4 cikin dokar raba auren Musulmi ta 1939. Abin da waɗansu suka aro daga nesa, mu yana cikin gafakarmu.

Ba ina cewa kowace mace ta tashi ta tafi kotu ba ne. Na san waɗanda suka san hukuncin sarai, suka ce su ba za su je ba. Wata son mijin ne ya riƙe ta. Wata tana tsoron in ta auri bare riƙon 'ya'ya ya fita daga hannunta ya koma wurin mahaifiyarta, kamar yadda mazhabarmu ta tsara. Wata kuwa cewa ta ke yi ita gaskiya ta ke so a gaya mata tukuna, aure ya biyo baya. Irin waɗannan mata ne suka haɗu cikin ƙungiyar Knifar, ta matan ƙasar Bama da aka tsare mazansu, da ƙungiyar Jire Dole ta dangin waɗanda suka ɓace, da taimakon Hajiya Hamsatu Allamin. Ku dubi sunan nan: jire da Barbarci gaskiya ke nan, dole kuwa tamu ce. A ganina wadda ta zaɓi jira da saninta ba ta yi laifi ba, wadda ta nemi mafita ba ta ci amana ba. Dangin miji da ke zargin ta biyu, da iyayen da ke matsa wa ta fari, duk sun shiga abin da shari'a ta bar wa matar.

Mu da za mu fita koyarwa, 'ya'yan waɗannan mata za mu tarar a aji. Ranar rubuta sunaye, in ka tambayi yarinya aikin mahaifinta ta sunkuyar da kai, kada ka ce mata, "Ya rasu ne?" a gaban 'yan'uwanta, kada kuma ka rubuta marainiya da hannunka. Bar gurbin, ka aika a kira uwar. In ta zo, bayan kun gama maganar makaranta, in ta buɗe zancen da kanta, gaya mata akwai hukunci, ka kuma nuna mata hanyar kotun shari'a ko malamin fiƙihu na unguwa. Ta tafi da shaidun aurenta da waɗanda suka yi masa ganin ƙarshe.