Gani Ga Wane Ya Isa Wane Tsoron Allah

Darasin wannan wata. Kafin a fara, sai a karanta Littafin Fitowa, sura 1.

'Yan'uwa cikin Almasihu, Allah ya bar mana labarun mutanen dā domin su zama mana gargaɗi. A wannan darasi za mu duba yadda kisan jama'a ya kan fara, gama hanyarsa ɗaya ce tun zamanin Fir'auna har zuwa namu. Kadan mun san hanyar, ma iya tare ta tun da wuri.

1. Abin da ya faru a Masar

Yusufu ya ceci Masar daga yunwa, danginsa kuwa suka zauna can lafiya shekaru da yawa. Daga baya wani sarki ya hau gado, labarin Yusufu bai dame shi ba. Sai ya fara da magana. Ya sa wa mutanensa tsoro, wai baƙin nan sun yi yawa, ran yaƙi za su koma wajen abokan gāba. Bayan magana sai aikin gandu mai tsanani. Bayan wannan ya umurci ungozomai su kashe jarirai maza a ɓoye. A ƙarshe ya sa dukan jama'arsa su riƙa jefa su cikin kogi. Mu lura da matakan: mantuwa, tsoratarwa, wariya, sa'annan jini.

2. Abin da ya faru a Ruwanda

Sa'anda Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, duniya ta ga cewa mulkin Hitila na Jamus ya hallaka Yahudawa wajen miliyan 6. A 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa yarjejeniya ta hana kisan ƙare dangi. Shekara 46 bayan wannan, abin ya sake faruwa a tsakiyar Afirka.

Hutu da Tutsi na Ruwanda harshensu ɗaya, suna zaune a tuddai ɗaya, suna auratayya. A wajen 1933 Turawan Beljiyam masu mulkin ƙasar suka ba kowa katin shaida, aka rubuta kabilarsa a kai. A 1959 aka kashe Tutsi da yawa, aka ƙone gidajensu, dubbai suka gudu ƙasashen maƙwabta. A 1993 aka buɗe wani gidan rediyo wanda ya riƙa kiran Tutsi kyankyasai. Wanda aka saba kira kyankyaso, tattake shi ba ya da wuya.

Ran 6 ga Afrilu 1994 aka harbo jirgin Shugaba Habyarimana kusa da Kigali. Kashegari kisa ya barke. Aka kafa shingaye a hanyoyi, ana duba katin nan. Cikin kwana kamar 100 aka kashe mutum wajen 800,000, yawancinsu Tutsi, tare da Hutu waɗanda suka ƙi sa hannu. Da adda da kulki aka kashe da yawa, sau da dama kuwa maƙwabci ne ya kashe maƙwabci. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da soja a ƙasar, amma ran 21 ga Afrilu ta yanke shawarar rage su zuwa 270.

3. Ina ekklesiya ta ke?

Nan ne maganar ta fi taɓa mu. Kusan mutum 9 cikin 10 na Ruwanda suna amsa sunan Kirista. A ƙasar ne, a Gahini, babbar farkaswar Afirka ta Gabas ta tashi a shekarun 1930. Duk da haka mutane suka gudu cikin majami'u neman mafaka, aka bi su aka yanka su a can. A Ntarama kaɗai an kashe wajen 5,000. A Nyange aka rushe majami'a da katafila a kan waɗanda ke ciki, kotun duniya da ta zauna a Arusha kuwa ta ɗaure limamin wurin, Atanas Seromba, rai da rai a 2008. A 2017 Fafaroma Faransis ya roƙi gafarar Allah saboda laifin 'yan ekklesiyarsa, amma shugabannin wasu ɗariƙu ma an same su da hannu. Ashe, cikar ɗakin sujada ran Lahadi ba ya nuna cewa an tuba daga kabilanci.

4. Masu tsoron Allah

Shifra da Fu'a, ungozoman Ibraniyawa, sun ji tsoron Allah fiye da sarki, suka bar yaran da rai. A garin Gisenyi ma an sami irinsu. Felisite Niyitegeka, ma'aikaciyar ekklesiya, 'yar Hutu ce. Ta ɓoye Tutsi, tana ƙetarar da su iyaka da dare. Ɗan'uwanta, babban hafsan soja, ya aika mata ta tsere, ta ƙi barin waɗanda ke hannunta. Ran 21 ga Afrilu aka kashe ta tare da su. A 1997 kuma 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandare a Nyange, suka ce wa ɗalibai su ware, Hutu nan, Tutsi can. Yaran suka ƙi warewa, aka kashe waɗansu a cikinsu.

5. Mu fa?

Kada mu ce Ruwanda tana da nisa. An zub da jini a garuruwan Arewa a 1966, a Kafanchan a 1987, a Zangon Kataf a 1992, a Jos a 2001. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ruwan da za mu shafa shi ne mu tsare bakinmu daga sunayen reni da a ke laƙaba wa wata kabila ko masu wani addini, mu tsauta wa 'ya'yanmu kadan mun ji su a bakinsu. Kada mu kai jita-jita gaba. Kada bagadin wa'azi ya zama wurin zuga mutane. Dattawa kuma su faɗa wa yara abin da ya faru bisa gaskiya, har da laifin mutanenmu, su faɗi sunayen maƙwabtan da suka ɓoye waɗansu ran tashin hankali.

Tambayoyi

1. Waɗanne matakai Fir'auna ya bi kafin ya kai ga kisa?
2. Me ya ba ungozoman nan ƙarfin ƙin umurnin sarki?
3. Waɗanne sunayen reni mu ke ji a kasuwa da gida? Me za mu yi a kansu cikin wannan mako?

Sai a rufe da addu'a domin gwauraye da marayun Ruwanda, da na ƙasarmu.