Kafin ka zaunar da Windows da Ubuntu a kwamfuta ɗaya

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10, kuma ba kowace kwamfutar gwanjo ke ɗaukar Windows 11 ba. Saboda haka ɗalibin Binyaminu Usman Polytechnic ko mai shagon buga takardu a Haɗejiya da ya ƙara Ubuntu bai yi wauta ba. Inda ake tuntuɓe shi ne GRUB, ƙaramar manhajar da ke tarbarka da zarar ka kunna na'ura, ta tambaye ka wanne za ta buɗe.

Fara sanya Windows, sannan Ubuntu, domin Windows ba ta san da zaman Linux, irin su Ubuntu, ba, tana zuwa take sa kanta a gaba. Dukansu su shiga ta tsarin UEFI. Kwafe fayilolinka, rubuta makullin BitLocker a takarda, kashe Fast Startup, kuma kada ka fara raba faifai sai batir ya cika, don ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya cinye komai. Ƙaramin ɓangaren faifai mai suna EFI kuwa, ko da wasa kada ka goge shi.

In wata rana na'ura ta zarce Windows kai tsaye, Ubuntu na nan daram, ba sai an goge komai ba. Da zarar ka kunna na'ura, danna F12 a Dell, ko F9 a HP, ka zaɓe ta. In Windows ce ta ɓace daga jerin GRUB, gwada sudo update-grub a cikin Ubuntu.

Wani zai ce VirtualBox, wato tafiyar da Ubuntu a cikin Windows, ya fi sauƙi. Gaskiya ne, amma na'ura mai RAM 4GB rarrafe za ta yi in tsari biyu suna aiki tare.