Me Ya Hana Tsibirin Ayalan Komawa Ƙasa Ɗaya?

Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto mana yana cewa: "Na ji a rediyo wai yanzu 'yan Katolika sun fi 'yan Furotesta yawa a Ayalan ta Arewa, kuma jam'iyyar da ke son haɗe tsibirin ce ke riƙe da kujerar shugabancin gwamnati. To me ake jira? Me ya hana su fita daga Birtaniya su koma cikin 'yan'uwansu na kudu?"

Malam, duk abubuwa biyun da ka ji gaskiya ne. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa kashi 45.7 cikin ɗari na mutanen yankin 'yan Katolika ne ko kuma a gidan Katolika suka tashi, 'yan Furotesta da dangoginsu kuwa kashi 43.5. Wannan ne karo na farko da haka ta faru tun kafa yankin. A zaɓen 2022 kuma jam'iyyar Sinn Féin mai son haɗe tsibirin ta ci kujeru 27 cikin 90 na majalisar yankin da ke Stormont, DUP mai goyon bayan zama da Birtaniya ta samu 25, sannan a Fabrairun 2024 Michelle O'Neill ta Sinn Féin ta zama Ministar Farko. Amma ka yi haƙuri mu koma baya kaɗan, don sai an san asalin rabuwar ake gane dalilin jinkirin.

Tun daga 1609, a zamanin Sarki James na ɗaya, masarautar Ingila ta riƙa kwaso 'yan Furotesta daga Sikotilan da Ingila tana ba su gonakin da ta ƙwace daga 'yan ƙasa a lardin Ulster, arewacin tsibirin. Jikokin waɗannan baƙi sun fi shekara ɗari huɗu a wurin. Ba su da wani gida sai nan, kuma har gobe suna ɗaukar kansu 'yan Birtaniya. Da kudu ta yi yaƙin neman 'yanci, sai aka raba tsibirin a 1921: gundumomi 26 suka zama ƙasar da ake kira Jamhuriyar Ayalan yau, 6 suka tsaya ƙarƙashin Landan. Da gangan aka ja layin yadda 'yan Furotesta za su kasance masu rinjaye, kusan biyu bisa uku a lokacin. Shi ya sa sakamakon ƙidayar 2021 ya girgiza mutane.

'Yan Katolikan da suka tsinci kansu a arewa sun sha wariya wajen aiki da rabon gidaje da shata mazaɓu. Zanga-zangar neman haƙƙi ta ƙarshen shekarun 1960 ta rikiɗe ta zama rikicin shekara talatin tsakanin ƙungiyar IRA mai neman haɗe tsibirin da ƙarfin bindiga, da ƙungiyoyin 'yan bindiga masu biyayya ga masarauta irin su UVF da UDA, da sojojin Birtaniya. Mutum kusan 3,500 suka rasa rayukansu, a yankin da jama'arsa ba ta kai miliyan biyu ba. Ka auna da kanka: da wuya ka sami gidan da bai san wani da aka kashe ko aka raunata ba. Ranar 30 ga Janairun 1972 kaɗai sojoji sun harbe mutum 13 a wata zanga-zanga a Derry, wani kuma ya cika daga baya.

Yarjejeniyar Belfast ta 10 ga Afrilun 1998, wadda aka cimma ranar Juma'ar da ke gaban bikin Ista da sa hannun firaministocin Birtaniya da Ayalan na lokacin, Tony Blair da Bertie Ahern, ita ta kashe wutar, kuma a cikinta amsar tambayarka take. Ta ce yankin zai ci gaba da zama cikin Birtaniya har sai mafi rinjayen jama'arsa sun zaɓi akasin haka a ƙuri'ar raba gardama. Sakataren gwamnatin Birtaniya mai kula da yankin shi zai kira ƙuri'ar, kuma wajibi ne ya kira ta idan ya ga alamar masu son haɗewa za su yi nasara. Dole kudu ma ta amince. In an yi an faɗi, sai bayan shekara bakwai a sake. Akwai kuma wani sashe da ni a ganina ya fi kowanne hikima: duk wanda aka haifa a yankin yana da ikon zama ɗan Ayalan, ko ɗan Birtaniya, ko duka biyun, ya riƙe fasfon da ya ga dama.

A nan ne lissafinka ya ɗan kuskure. Cocin da mutum ya tashi a ciki ba ya nuna inda zai dangwala ƙuri'arsa. A wannan ƙidayar dai, da aka tambayi mutane su wane ne su, kusan kashi 32 suka ce su 'yan Birtaniya ne kawai, kashi 29 suka ce 'yan Ayalan kawai, kusan kashi 20 kuma suka ce su 'yan Ayalan ta Arewa ne kawai. Daga cikin waɗannan na ukun, da matasan da suka gaji da tsohuwar gaba, ake samun masu zaɓen jam'iyyar Alliance, wadda ba ta ɗauki ɓangare ba, ta kuma ci kujeru 17 a 2022. Ƙuri'ar tana hannunsu, su kuwa tambayoyinsu na tukunya ne. A arewa ganin likita kyauta ne a ƙarƙashin tsarin NHS, a kudu mutane da yawa suna biya. Wa zai biya fansho? Wa zai cike gurbin biliyoyin fam da Landan ke turowa kowace shekara? Ɗan Katolika mai aikin gwamnati a Belfast yana iya son haɗewa a zuciyarsa, amma ya ce a bari tukuna. Yawancin binciken jin ra'ayin jama'a na nuna masu son ci gaba da zama da Birtaniya su ne a gaba, duk da cewa tazarar ta ragu.

Abin da ya farfaɗo da maganar shi ne ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai. A 2016 kusan kashi 56 na masu zaɓe a yankin sun ce a zauna, amma aka fita da su, kudu kuwa ta ci gaba da zama a ciki. Iyakar da ke tsakanin arewa da kudu, mai tsawon kusan kilomita 500, an daɗe da cire mata shingaye, kuma ba wanda ya yarda a mayar da su. Sai aka mayar da binciken kaya zuwa tashoshin ruwa tsakanin yankin da sauran Birtaniya. Masu biyayya ga masarauta suka ji an sayar da su, DUP ta ƙaurace wa gwamnati shekara biyu. Tarayyar Turai kuma ta riga ta faɗa tun 2017 cewa in aka haɗe, arewa za ta shigo kai tsaye.

Ni abin da ya fi damuna shi ne ranar da ta biyo bayan ƙuri'ar. A ce masu son haɗewa sun ci da kashi 51. Mutum wajen miliyan ɗaya za su wayi gari a ƙasar da tutarta da takenta ba nasu ba ne, kamar yadda aka yi wa 'yan Katolika a 1921. Waɗannan mutane ne da ke fita fareti kowace ranar 12 ga Yuli don tuna nasarar Sarki William ɗan Furotesta a yaƙin Boyne na 1690. Har yau akwai katangu a Belfast da suka raba unguwar Falls ta 'yan Katolika da Shankill ta 'yan Furotesta, ana kulle ƙofofinsu da dare. Yawancin yara makarantu daban suke zuwa. Birni na biyu mafi girma ma sunansa biyu: wani ya ce Derry, wani ya ce Londonderry, kuma daga wanda ka furta an san gidanku. Ko a ƙwallon ƙafa ƙungiyoyin ƙasa biyu ne. George Best ya buga wa arewa, Roy Keane ya buga wa kudu, ko da yake a wasan zari-ruga tsibirin duka ƙungiya ɗaya gare shi, kuma ana zaune lafiya da hakan. Saboda haka ina ganin aikin da ke gaban gwamnatin kudu a Dublin ya fi na Landan nauyi: shin mutanen kudu a shirye suke su sauya tuta ko take, ko su bar majalisar Stormont ta ci gaba da zama, don maƙwabtan da ba su so auren ba su sami wurin zama? Da yawa suna son haɗewar, amma da an ambaci tuta da haraji sai murya ta yi ƙasa.

Sinn Féin na neman a yi ƙuri'ar nan da 2030. Gwamnatin Landan ta ce sharaɗin bai cika ba. Idan kana bin labarin, Malam, ka sa ido kan jimillar ƙuri'un da jam'iyyun haɗewa ke samu a zaɓukan Stormont, wadda ta daɗe tana yawo a wajajen kashi 40, da kuma ranar da gwamnatin Dublin za ta fito da rubutaccen tsari kan lafiya da fansho da matsayin masu fasfon Birtaniya.