Littafin da Zai Raba Yaro da Waya Lokacin Hutu

A Jalingo, da zarar an ba da hutu, sai ka ga yaro ɗan aji shida ya manne wa wayar babarsa har caji ya ƙare. Iyayen da abin ke damunsu su nemo masa The Mysterious Benedict Society, wanda Ba'amurke Trenton Lee Stewart ya fitar a 2007.

A labarin, yara huɗu ne masu kaifin basira, Reynie da Sticky da Kate da Constance, suka ci wata jarrabawa mai murɗiya, aka tura su leƙen asiri a wata makaranta da ke tsibiri. Kate ba ta rabuwa da jan bokitinta mai ɗauke da igiya da wuƙar aljihu. Da dare kuwa, da ƙyaftawar tocila suke aika saƙo ta taga.

Littafin da Turanci yake, kuma ya haura shafi 400, don haka kar a miƙa wa yaro a juya baya. Babi ɗaya bayan tuwon dare ya isa. In an zo wurin wani tarko a labarin a dakata, a bar shi ya canka, kamar kacici-kacici.

Wanda Turancinsa bai nuna ba, a fara masa da Magana Jari Ce na Abubakar Imam.