Mata da Muƙaman Ikilisiya: Nazarin Wasu Kalmomi a Wasiƙun Bulus

1.0 Gabatarwa

Daga cikin batutuwan da suka daɗe suna raba kawunan mabiya addinin Kirista akwai batun ko ya halatta a naɗa mace a kan muƙamin ikilisiya, wato ta zama dikin, ko fasto, ko bishop. Wannan gardama kuwa ta wuce ta fatar baki. A shekarar 1994 Fafaroma John Paul na II ya ba da sanarwa cewa Ikilisiyar Katolika ba ta da ikon naɗa mata limamai, a cikin shekarar nan kuma Ikilisiyar Ingila ta naɗa mata 32 a birnin Bristol. Haka abin yake a Nijeriya. Ikilisiyar Firesbiteriya ta naɗa Mgbeke George Okore a 1982, alhali Ikilisiyar Angilika ta Nijeriya da ECWA ba sa ba mace wannan matsayi.

Abin lura shi ne, ɓangarorin nan biyu littafi ɗaya suke riƙe da shi. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa yawancin saɓanin ya ta'allaƙa ne a kan ma'anar 'yan kalmomi kaɗan na Girkanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi. Saboda haka batun ya shafi ɗalibin harshe da fassara kamar yadda ya shafi malamin tauhidi.

2.0 Abin da Ba a Gardama a Kansa

Kafin a shiga wuraren saɓani, ya kyautu a ware abin da kowa ya amince da shi. A Tsohon Alkawari, Debora annabiya ce, kuma ta yi wa Isra'ila shari'a (Mahukunta 4). Sa'ad da aka tsinci littafin Shari'a a Haikali, wurin annabiya Hulda manzannin Sarki Yosiya suka tafi neman bayani (2 Sarakuna 22). A Sabon Alkawari, Maryamu Magadaliya ce ta kai wa almajirai labarin tashin Yesu Almasihu (Yahaya 20), Filibus yana da 'ya'ya mata huɗu masu annabci (Ayyukan Manzanni 21), sa'an nan Firiskila, wadda wata fassarar Hausa ke kira Bilkisu, ita da mijinta Akila ne suka ƙara wa Afolos haske a kan koyarwa (Ayyukan Manzanni 18). Ba mai musun cewa mata sun yi aiki. Tambayar ita ce, shin aiki ne kurum, ko kuwa muƙami ne da aka naɗa su a kai?

3.0 Fibi da Kalmar Diyakonos

A farkon sura ta 16 ta Romawa, Bulus ya gabatar da wata mace mai suna Fibi, ya kira ta diyakonos ta ikilisiyar Kankiriya, tashar jiragen ruwa da ke kusa da Koranti. Daga wannan kalma aka samo dikin. Asalin ma'anarta mai hidima, amma a Filibiyawa 1:1 da 1 Timoti 3 ta zama sunan muƙami. Nan mai fassara yake shiga tsaka mai wuya. In ya ce Fibi mai hidima ce, mai karatu zai ɗauka mai taimako ce kamar kowa. In kuwa ya ce dikin ce, ya riga ya yanke hukunci.

Hujjar da ta fi ƙarfi tana wajen masu cewa muƙami ne, domin Bulus ya jingina kalmar ga wata ikilisiya takamaimai, kamar yadda Bahaushe zai ce limamin masallacin wuri kaza. Tarihi ma ya ƙarfafa haka. Wajen shekara ta 112, Filini, gwamnan Bitiniya, ya rubuta wa Sarkin Rum Tirajan cewa ya azabtar da wasu bayi mata biyu waɗanda Kirista ke kira masu hidima. A 451 kuma Majalisar Kalsidon ta kafa doka cewa kada a naɗa mace dikin sai ta kai shekara 40. Ba a sa wa abin da babu shi ƙa'idar shekaru.

4.0 Gune: Mace ko Matar Aure?

A 1 Timoti 3, ana cikin lissafa halayen da ake nema ga dikinoni, sai aya ta 11 ta juya ga mata. Kalmar Girkanci gune tana nufin mace, tana kuma nufin matar aure. To, mata dikinoni ake nufi, ko matan dikinoni? Ɗalibin Hausa ba zai yi mamakin wannan ba, domin a rubuce kalmar mata ɗaya ce, sai karin sauti ke rarrabewa: in an ɗaga gaɓoɓin biyu jam'in mace ke nan, in an saukar da gaɓar farko matar aure ke nan. Girkanci ba shi da ko wannan ɗan bambanci, sai dai a duba muhallin magana. Masu cewa mata dikinoni ake nufi suna kafa hujja da cewa ba a ce matansu ba, kuma ba a lissafa halayen matan shugabannin da aka ambata a farkon surar ba. Da matan aure ake nufi, da matar bishop ta fi cancanta a ambata.

5.0 Yuniya: Namiji ko Mace?

A Romawa 16:7 Bulus ya gai da Andaranikas da wani abokin tafiyarsa, ya yabe su dangane da manzanni. Sunan na biyu, yadda ya zo a cikin jimlar, ana iya karanta shi Yuniya, sunan mace, ko Yuniyas, sunan namiji. Bambancin ɗan alama ce ta karin murya, tsofaffin rubuce-rubucen hannu kuwa ba su da irin waɗannan alamomi. Yahaya Kirisostom, babban malamin ƙarni na 4 wanda Girkanci ne harshensa, mace ya ɗauke ta, har ya yaba hikimarta. Daga baya ne karatun namiji ya yaɗu, Martin Luther ma shi ya bi a fassararsa ta Jamusanci ta 1522. Amma bincike ya nuna sunan Yuniya ya bayyana fiye da sau 250 a rubuce-rubucen birnin Rum, ba a kuwa sami Yuniyas ba. Yawancin masana sun koma ga karatun mace. Abin da ya rage shi ne ko ayar tana nufin fitattu ne a cikin manzanni, ko kuwa sanannu ne a wurin manzanni, kuma nahawun jimlar ne ake ja-in-ja a kansa.

6.0 Ayoyin Hani

Wurare biyu ne madogarar masu hanawa. Na farko 1 Korantiyawa 14:34-35, inda aka umarci mata su yi shiru a taro. Sai dai a sura ta 11 ta wannan wasiƙa Bulus ya tsara yadda mace za ta yi addu'a da annabci, waɗanda ba a yin su da baki rufe. Bugu da ƙari, a sura ta 14 ɗin an ba da umarnin shiru sau uku: ga mai magana da baƙon harshe in ba mai fassara, ga annabi in wahayi ya zo wa wani, sa'an nan ga mata masu tambayoyi. Wannan ya sa masana da yawa suka fahimci cewa maganar tsarin taro ce. Daɗin daɗawa, wasu tsofaffin rubuce-rubuce sun ajiye ayoyin biyu a ƙarshen surar, abin da ya sa wasu ke zaton daga gefen shafi suka shigo.

Wuri na biyu shi ne 1 Timoti 2:11-14, kuma nan ne gizo ke saƙa. An hana mace koyarwa, an kuma hana ta wani abu da aka kira autentein a kan namiji. Wannan kalma sau ɗaya tak ta zo a Sabon Alkawari duka. Kalmar da Bulus ya saba amfani da ita don iko na halal ita ce eksusiya. Wasu sun fassara autentein da riƙe shugabanci kawai, wasu kuwa da danniya. Fassarar Latin ta Jerom ta ba ta ma'anar mamayewa, ta Sarki James ta 1611 kuma ta ba ta ma'anar ƙwace iko. A Hausa tazarar a fili take: a ce mace tana shugabantar maza magana ɗaya ce, a ce ta mallake miji magana ce dabam. In ma'ana ta farko ce, an rufe ƙofar muƙami. In ta biyu ce, mugun hali aka hana.

Masu hanawa suna da amsa mai nauyi. Sun ce Bulus bai kafa dalilinsa a kan halin garin Afisa ba, a kan tsarin halitta ya kafa shi, wato Adamu aka fara yi kafin Hawwa'u. Sun ƙara da cewa manzanni 12 duk maza ne, kuma an siffanta bishop da mijin mace ɗaya. Masu halattawa suka ce ruwa ba ya tsami banza: tun daga farkonta wasiƙar tana yaƙi ne da koyarwar ƙarya a Afisa, sura ta 5 kuma ta nuna wasu mata sun riga sun kauce. Suka ce manzanni 12 duk Yahudawa ne, amma ba wanda ya mai da wannan sharaɗi. Suka kuma tuna cewa aya ta 9 ta sura ta 2 ta hana kitson ƙawa da zinariya, mafi yawan ikilisiyoyi kuwa sun ɗauke ta a matsayin gargaɗi kan alfahari. Wanda ya ɗauki aya ta 9 ta zamaninta ce, ya ɗauki ta 12 ta har abada, lalle ne ya bayyana ma'aunin da ya raba su da shi.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da abu biyu. Na ɗaya, hujjar nassi da ta tarihi sun rinjaya ga cewa mata sun riƙe muƙamin dikin, sun yi annabci, sun kuma koyar. Na biyu, muƙamin fasto da bishop ne ainihin wurin saɓani, kuma hukuncinsa ya rataya a kan kalma ɗaya mai wuyar fassara da kuma yadda aka fahimci ambaton Adamu da Hawwa'u. Ikilisiyar Katolika ma, wadda ta fi dogara da al'adar manzanni, ta kafa kwamitocin nazarin dikinoni mata a 2016 da 2020, a 2021 kuma Fafaroma Francis ya buɗe wa mata muƙamin karatu da na hidimar bagade.

A Arewacin Nijeriya, inda aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, dubban masu ibada ba su da hanyar sanin nassin sai ta bakin mai fassara. 'Yan Zumuntar Mata, waɗanda ke ɗauke da nauyin waƙa da ziyarar marasa lafiya da tara gudunmawa, abin da aka zaɓa musu tsakanin mai hidima da dikin, ko tsakanin shugabanci da mallakewa, shi za su ji ana karantawa ranar Lahadi. Don haka wajibi ne mai fassara ya nuna wa mai karatu inda kalma take ɗaukar ma'ana biyu, ko da a gefen shafi ne, ya bar wa majalisun ikilisiya yanke hukunci.